Laftof ɗaya da tsofaffin wayoyi: yadda wata sukul a Aboabo ta shirya yaranta don BECE na 2024

Wannan bayani ne kan abin da wata sukul ta gwamnati a Aboabo, nan Kumasi, ta yi da kayan karatu na intanet tun daga ƙarshen 2023 har lokacin da yaranta suka zauna BECE, jarabawar gama JHS wato ƙaramar sakandare, a watan Yuli na 2024. Sukul ɗin tana ƙarƙashin Islamic Education Unit, irin waɗanda ake haɗa boko da Arabiyya, ni kuma ina cikin kwamitin iyaye, ni ke rubuta abin da aka tattauna in an zauna, shi ya sa na ga abin daga farko har ƙarshe. Na rubuta ne sabida tichocin Asawase da Sawaba da ma 'yan uwanmu na Nima da Maamobi, don halinmu kusan ɗaya ne.

Halin da ake ciki kafin a fara

Yaran da suka shiga B9, wato ajin ƙarshe na JHS, a wannan shekarar su ne na farko da za su rubuta BECE a kan sabon tsarin karatun da ake kira Common Core Programme, na NaCCA, hukumar da ke tsara karatun makarantu a Gana. Abubuwa da dama sun canza, BDT ya koma Career Technology, ICT ya koma Computing, ga Creative Arts and Design ya shigo, kuma a karon farko aka sa Larabci cikin darussan da yaro zai iya zaɓa. Toh mu nan kowa ya san yadda ake shirin BECE tun da can, a sayi littafin pasko a Kejetia ko Adum, yaro ya haddace tambayoyin shekarun baya ya shiga ɗaki. Wannan karon paskon nan na tsohon tsari ne, wasu darussan ma babu paskonsu kwata-kwata tunda ba a taɓa rubuta su ba, littattafan sabon tsarin kuma ba su wadatu a aji ba.

Ga kuma wani abu da mutane ke mantawa, waɗannan yaran suna firamare lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 sabida korona, ba su koma ba sai Janairu na 2021. An yi ƙoƙari lokacin, an buɗe Ghana Learning TV ana koyarwa ta talabijin, amma gidan haya mai ɗakuna goma sha, talabijin ɗaya a ɗakin mai gida, yaro nawa ne ya zauna ya kalli darasin lissafi? Da aka dawo sai aka ciyar da su gaba kawai, wanda ya gane da wanda bai gane ba duk suka wuce tare.

Sannan yaron zango yini nasa a cike yake. Da asuba wasu na makarantar allo, daga nan sukul, a tashi a koma makaranta bayan la'asar, Asabar da Lahadi ma da safe makaranta ce, 'yan mata kuma ga taimakon uwa wajen sai da koko ko waake ko zaman shago. A gida Hausa yake ji, a titi Twi, a aji Turanci, wajen malam Larabci. Hausa ba ta cikin harsunan Gana da ake jarabawa a BECE, yaranmu Asante Twi suke rubutawa, wato yaren da yaro ke tunani da shi ba ya cikin littafin ko wane darasi.

Gurup ɗin WhatsApp

Abin da aka fara da shi shi ne wanda kowa ke farawa da shi, aka buɗe gurup aka zuba lambobin iyaye, tichoci na turo link na bidiyo daga YouTube. Bai je ko'ina ba, kuma dalilin a fili yake. Wayar gidan ta uwa ce, da ita take karɓar MoMo, da ita kwastoma ke kiranta, tana kasuwa tun safe sai bayan magariba, in ta dawo batir ya mutu. Wata Hajiya mai sai da atamfa ta faɗa wa tichan lissafi a taron iyaye, ta ce "Ticha, wallahi ba ƙin karatun nake ba, amma bandul ɗin da na saya na sati yaron nan ya cinye shi a dare ɗaya, ni kuma ban san ko lissafin ya kalla ko ƙwallo ba." Ba wanda ya iya ce mata komai sabida gaskiya ta faɗa. Kan a jima gurup ɗin ya cika da sanarwar suna da aure da gaisuwar Juma'a, aikin gida ya nutse a ƙasa.

Ba a rufe gurup ɗin ba, an dai gyara shi, aka sa admin kaɗai ke turo saƙo, aka hana bidiyo, sai hoton allo da saƙon murya gajere. Zan dawo kan saƙon muryar nan don ya yi aiki fiye da yadda aka zata.

Takardar NaCCA tukun

Kafin a taɓa wata manhaja, tichan lissafi ya shiga shafin NaCCA ya sauke takardar tsarin karatun kowane darasi, kyauta suke a PDF, kwamiti ya biya kuɗin firintin aka ɗaure su aka ajiye a ofis. Wannan a ganina shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Takardar lissafi ta kasa karatun gida huɗu, lambobi, aljebra, jiyometiri da awo, sai sarrafa bayanai, kuma kowane abu da ake so yaro ya iya yana da lambarsa da ke farawa da B7 ko B8 ko B9, wato aji ɗaya zuwa uku na JHS, da misalin irin aikin da za a ba shi. Amfaninta shi ne intanet cike yake da darussa masu kyau amma yawancinsu don tsarin karatun wasu ƙasashe aka yi su, in ba ka da takardar nan a gefe sai ka kai yaro inda ba za a tambaye shi ba, ka bar inda za a tambaye shi. Sai ticha ya zauna da jan biro, duk darasin da ya samu a waje ya rubuta lambar NaCCA da ta dace da shi, wanda bai da lamba ya ajiye shi.

Ya kuma nemo rahoton shekarun baya na manyan masu makin WAEC, hukumar da ke shirya jarabawar, inda suke faɗin kurakuran da ɗalibai suka fi yi. Ko da tsarin ya canza, kuskuren yaro a lissafi bai canza ba.

Kolibri, da yadda aka kafa shi

Abin da ya juya lamarin shi ne Kolibri. Manhaja ce ta kyauta da wata ƙungiya mai suna Learning Equality ta Amurka ta yi musamman don wuraren da intanet ke da tsada ko babu shi. Yadda take aiki, ka sa ta a kwamfuta ɗaya, ka sauke darussan da kake so sau ɗaya tak, daga nan kwamfutar ta zama kaman rumbu, duk wayar da ta hau wayfay ɗaya da ita za ta buɗe darussan ta burauza ba tare da an ci data ko ta pesewa ɗaya ba. Cikin ma'ajinta akwai darussan Khan Academy da na CK-12, akwai gwaje-gwajen kimiyya na PhET wanda jami'ar Colorado ke yi tun 2002, akwai labaran African Storybook na koyon karatu, har da na Hausa a ciki.

Laftof ɗin na tichan lissafi ne, wanda ya samu a shirin One Teacher One Laptop da aka ƙaddamar a 2021, inda gwamnati ta biya kashi 70 malami ya biya kashi 30. Saukewar da bandul ɗin tsakar dare aka yi ta, kaɗan-kaɗan, kuma bai ɗebo komai da komai ba, iya abin da ya yi wa alama da jan biro. Rauta kuwa, wato na'urar da ke ba da wayfay, tsohuwa ce ba sim a ciki, wani tsohon ɗalibi da ke gyaran waya a Adum ya kawo ta, shi ne ma ya duba mana wayoyin. Don wayoyi roƙo aka yi bayan sallar Juma'a, duk mai tsohuwar Android a durowa ya kawo, ko sikirin ya tsage in dai tana kamawa. Abin da aka tara bai kai yaro ɗaya waya ɗaya ba, ajin ya haura arba'in, sai aka yi uku-uku wasu huɗu-huɗu. Wayoyin ba sa fita daga sukul, a kabad ɗin hedmasta suke kwana, ba sim ba data, don haka zancen yaro ya shiga TikTok bai ma taso ba, wannan shi ya kwantar da hankalin iyaye maza da suka fi kowa ƙin zancen waya.

Sai rigimar lokaci. Tichoci sun so Asabar da safe, malaman makaranta suka ce sam. Hedmasta ya ɗauki shugaban kwamiti suka je har zauren babban malamin unguwa suka gaishe shi, hedmasta ya ce "Allah gafarta Malam, ba mun zo karɓe maka yara ba ne, shawara muka zo nema, wane lokaci ne ba zai taɓa karatunsu ba?" Malam ya ce ai Alhamis da Juma'a dama hutun allo ne tun kakanni, ku ɗauka. Shi kenan aka tsayar, Alhamis bayan an tashi, Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Da an fara da wannan tambayar a wurare da yawa da ba a yi ta jan-in-ja tsakanin sukul da makaranta ba.

Abin da laftof ɗin ya nuna

Nan ne zan daɗe, don nan ne amfanin yake. Kolibri na da ɓangaren malami, ticha zai buɗe aji, kowane yaro da sunansa, ya haɗa kwiz, in sun gama ya ga tambaya-tambaya wa ya ci wa ya faɗi, da amsar da kowa ya zaɓa. Da farko yaran na amfani da suna ɗaya su uku, sai rahoton ya zama ba shi da ma'ana, dole aka sa doka kowa ya shiga da sunansa ya yi nasa ya fita ya miƙa wa na gaba. An kuma raba maza da mata, sabida in aka haɗa su namijin ke riƙe wayar macen na leƙe.

Kwiz na farko ticha bai sa tambayoyin B9 ba, ya koma baya ya ɗebo na firamare biyar da shida. Abin da ya fito ya girgiza shi, mu ma da ya nuna mana a zaman kwamiti jikinmu ya yi sanyi. Yara da yawa da ake ta fama da su a aljebra ashe firakshin ne ba su iya ba, da lambobi masu alamar ragi, daidai abin da ya kamata su koya a shekarar da aka zauna gida. Shekara biyu yana tsaye gaban allo yana tambaya kun gane, suna cewa "Yes Sa", a littafin aiki kuma kowa ya kwafi na mai ƙoƙarin aji, ba ta yadda zai gani.

Akwai wata yarinya da na zauna kusa da ita ran wata Alhamis, uwarta na sai da koko da ƙosai bakin titi, ita ke karɓar kuɗi ta ba da canji kuma ba a taɓa cutarta ba. An ba ta 1/2 + 1/3 ta rubuta 2/5, ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ticha bai ce mata ba daidai ba ne, ya buɗe mata wasan firakshin na PhET, ya ce ta cika rabin da'ira, ta cika, ya ce toh gefe guda ki yi 2/5. Ta yi, ta kalli wannan ta kalli wancan, ta matso da wayar kusa da fuska sabida tsagewar sikirin ta ratsa ta tsakiyar da'irar, can ta ce "Sa, ai wannan bai ma kai rabin ba, ya za a yi in ƙara abu a kan rabi ya ragu?" Ya ce ke za ki faɗa min. Ta yi ta yanka da'irar, gida huɗu bai yi ba, biyar bai yi ba, da ta kai shida sai rabi ya zama uku, ɗaya bisa uku ya zama biyu, ta ƙirga da yatsa ta rubuta 5/6, ta juya ta fara yi wa ta kusa da ita bayani da Hausa ba wanda ya sa ta.

Daga wannan rahoton ticha ya kasa ajin, masu matsalar firakshin gefe, masu matsalar alamar ragi gefe, waɗanda suka wuce nan ya sake su su ci gaba da darussan Khan Academy da kansu. Wasu iyaye sun yi ƙorafi wai ana saura wata nawa jarabawa ana koya wa yara aikin firamare, hedmasta ya tsaya kai da fata ya ce ba a ɗora jinka a kan ginin da bai bushe ba, kuma ina bayansa a wannan.

A kimiyya ma haka, sukul ɗin ba ta da lab, tichar kimiyya ta yi amfani da gwajin haɗa wutar lantarki na PhET, yaro ya jawo batir da waya da kwan fitila a sikirin ya ga ya kama, ya cire ɗaya ya ga saura sun mutu ko ba su mutu ba, ya gane bambancin haɗin jere da na gefe-da-gefe. Bayan nan ta sayo batir da ƙananan kwai na gaske suka haɗa da hannu, ta ce sikirin share fage ne kawai.

Saƙon murya da Larabci

Bidiyoyin da aka yi a waje Turancinsu da sauri yake ga kunnen yaranmu, misalan kuma da dala da mil. Sai ticha ya riƙa yin saƙon murya na minti biyu uku da Hausar zango tsantsa, yana bayanin hoton allon da ya turo, da sidi da olonka. Wannan ba ya cin data sosai, uwa na iya sauke shi a kasuwa yaro ya ji da dare, kuma ita ma uwar tana jin abin da ake faɗa, wannan ya sa iyaye mata suka fara sa ido da kansu. Hajiyar nan mai atamfa ita ce ta koma tana tambaya in an kwana biyu ba a turo ba.

Mu'allim mai Larabci ne ya fi kowa cin moriyar wannan. Yaranmu na karanta Alkur'ani da kyau, amma jarabawa na son a karanta ɗan labari a amsa tambaya, a rubuta jimla da kai, wannan kuma wani fanni ne daban. Dattijo ne bai saba da laftof ba, amma da aka buga masa takardar Larabci ta NaCCA ya karance ta tsaf, ya riƙa rubuta gajerun nassoshi da hannunsa mai kyau a ɗau hoto, ya karanta a murya, yara su maido masa da nasu karatun ta wayar iyaye ya gyara.

Abubuwan da suka ba da wahala

Ɗauke wuta, wannan ba sai an faɗa ba, laftof na da batir amma rauta ba ta da shi, sai da aka samo ƙaramin pawa bank da igiyar da ta dace. Azumi ya faɗo Maris zuwa Afrilu, zuwan yara ya ragu sosai musamman mata masu aikin buɗa baki, sai aka rage zaman aka dogara da saƙon murya. Wasu yara masu waya a gida sun gano manhajojin AI suna kwafo amsa, ticha ya daina ba da makin aikin gida sai wanda aka yi gabansa.

Mafi muni shi ne masu sai da apo. Da jarabawa ta matso sai lambobi suka fara yawo a WhatsApp da Telegram wai a turo MoMo a samu tambayoyin gobe. Hedmasta ya tara iyaye ya faɗa musu ƙarara, yawancinsu 'yan damfara ne, kuma WAEC na soke sakamakon wanda aka kama da satar amsa ko da waya a ɗakin jarabawa, wahalar shekara tara ta tafi a banza. Liman ma ya maimaita a huɗuba.

Inda aka tsaya

Ba zan ce kowa ya amfana daidai ba. Masu ƙoƙari sun ƙara nisa sabida sun samu abin yi ba sai sun jira aji ba, na tsakiya su ne suka fi canzawa, a mok na ƙarshe takardun lissafi da a da ake miƙo su fari fat yanzu akwai aiki a ciki, ko ba a kai ga amsa ba an bi hanya, kuma ana ba da maki a kan hanya. Amma yaran da karatun Turanci kansa ke ba su wuya ba su motsa sosai ba, don ko kwiz ɗin sai ka karanta tambaya tukun, labaran African Storybook da aka sa musu sun zo a makare, wata shida ba sa gyara abin da ya lalace tun aji biyu. Wannan yana damuna har yanzu, don na san iyayensu ɗaya-ɗaya.

Da sakamako ya fito, da kuma lokacin da CSSPS, tsarin kwamfuta mai raba yara zuwa manyan sakandare, ta saki makarantun da aka tura su, laftof ɗin nan dai shi ya yi aiki, iyaye suka zo da bocarsu, wato katin duba sakamako, aka duba musu a ofis aka buga takarda, waɗanda ba a tura su ko'ina ba aka zauna da su aka bi hanyar zaɓen kai a shafin, ba wanda ya je ya ba wani ɗan tsakiya kuɗi wai zai nema masa gurbi. Tunda karatun SHS, wato babbar sakandare, kyauta ne tun 2017, abin takaici ne yaro ya rasa wuri don uwarsa ba ta san inda ake latsawa ba.

Kwamiti ya yanke abu biyu bayan nan. Kwiz ɗin gano giɓi za a riƙa yin shi tun satin farko na B7, da na lissafi da na karatun Turanci, ba sai an kai B9 ba. Na biyu, laftof ɗin na ticha ne ba na sukul ba, ran da aka yi masa taransifa zai tafi da abinsa, don haka an kwafe duk darussan a had-disk na waje, wato rumbun ajiya na kwamfuta, an ba hedmasta, tichar kimiyya ta koyi kafa Kolibri da kanta, kuma an buɗe asusu ana tara sidi biyar goma a wajen iyaye da tsofaffin ɗalibai don a sayi kwamfuta ko ta hannu ce wadda za ta zama mallakin sukul. Kuɗin bai cika ba tukun, wanda ke gyaran waya a Adum ya ce in an kai rabi zai nemo mai kyau a biya sauran a hankali.